Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Jerin Toshe Kira



Aikin Mai Girma a manhajar sarrafa kiran waya guda ɗaya ne tak: kira ya shigo, a duba lambar mai kira, in tana cikin jeri a sallame shi kafin waya ta yi ƙara. A Asterisk, wadda Mark Spencer ya ƙirƙira a 1999, umarnin BLACKLIST ne ke leƙa rumbun bayanai. A Twilio kuwa Reject ake sawa a farkon umarni, kira ya koma ba a ɗauka ba, ba a kuma biya ko sisi ba. A takarda dai abin gwanin sha'awa.

To, daren jiya wayar ma'aikacin da ke jiran kiran gaggawa ta kwana tana ruri, muryar na'ura na tallan bashi. Da safe aka duba, ashe mai kiran nan ne da aka toshe tuni, adadin ƙarshe na lambarsa kawai ya sauya. Allah ya ja zamanin Mai Girma, shi ya buɗe masa ƙofa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A tsarin SIP, wanda kiran intanet ke bi, mai kira shi ke rubuta lambarsa da hannunsa, kuma sau tari babu mai bincika ko tasa ce. Wannan jeri kamar maigadi ne da ke tambayar ɓarawo sunansa, ɓarawo ya ce Malam Nagari, shi kuwa ya duba littafi ya ce bismillah. Kullum jeri sai tsawo, kullum waya sai ƙara! Abin takaici, lambar da aka toshe ma sau da yawa ta wani bawan Allah ce da aka ara ba da saninsa ba.

Amurka ta nemi magani da STIR/SHAKEN, inda kamfanin da kira ya fito yake buga masa hatimi. Hukumar FCC ta wajabta shi kan manyan kamfanoni daga 30 ga Yunin 2021. Sai dai hatimin kan zube idan kira ya ratsa tsofaffin layukan da ba na intanet ba.

Batun lamba mai alamar + da marar ita, da jerin ke ɗauka mutum biyu ne, a bar shi zuwa wani jiƙon. Haka ɓoyayyar lamba.

Roƙon shi ne a ajiye na'urar da za ta sa baƙon kira ya danna wata lamba kafin a haɗa shi da mutum. In hakan ya gagara, Mai Girma ya yi murabus.