Yadda Fitila Ta Kai Sarki Tanimun Barikin Nasara

A 2018 ne juyi ya zo kan Zinder na karɓar bikin 18 ga Disamba, ranar da aka ayyana Jamhuriyar Nijar a 1958. Maradi ta yi nata a 2015, Agadas ta biyo, Tawa ta biyo, sai Damagaram ta raɗa wa nata suna Zinder Sabuwa. Aka shimfiɗa kwalta, aka kafa fitilun titi, duk mai bango ya nemi fenti ko farar ƙasa. A wani lungu na Birni da mota ba ta shiga, wani tsohon malamin makaranta ya ce shi ma ba za a yi babu shi ba. Kawun mai wannan rubutu ne, shi kuma mai rubutun daga nan za a riƙa kiransa gogan naku don a rage masa kunya.

Kawu ya kwaɓa yumɓu ya gina ƙaramar Birni bisa wani faffaɗan katako a zaurensa, kuma aikin ya yi kyau. Ga ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye gari da ita, ga fada, ga babban masallaci kusa da ita, ga gidan da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka a ƙarshen 1852, ga duwatsun da Faransawa suka ɗora bariki a kai, ga Zangon fatake can waje. Ya sa aka ɗauki hotunan wuraren da salula, aka ɗora muryarsa tana ba da tarihi, aka zuba a tele. Saura abu guda. Yana so duk wurin da muryar ta ambata, fitila ta kama a kansa, sauran gari ya yi duhu. Ya taɓa ganin haka a dalar Giza ta Masar, inda tun 1961 ake haska duwatsu da dare ana ba da labarin Fir'aunoni, su ma Misirawan sun ɗauko ne daga Faransa, inda aka fara a fadar Chambord a 1952. Kawu ya ce tarihin Damagaram bai kasa na Fir'auna ba, kuma ko ba komai namu sarakunan suna salla. Sharaɗinsa ɗaya, kada waya ta ratsa tsakiyar zaure, domin dattawa za a gayyata kuma ba a kiran babba don ya yi tuntuɓe.

"Kawu, ai ƙaramin abu ne," in ji gogan naku, wanda duk shaidarsa a harkar lantarki ita ce ya taɓa gyara fanka.

Masu wannan sana'a na gaskiya ba su yarda da agogo biyu. Bidiyo irin na ƙasashenmu yana tafiya hoto 25 a daƙiƙa, kowane hoto da lambarsa: awa, minti, daƙiƙa, hoto na nawa. Wannan lambar ake aika wa na'urar fitilu, ita kuma ta rarraba umarni ta tsarin DMX512, wanda aka fito da shi a Amurka a 1986, layi guda yana ɗaukar hanyoyi 512. Bidiyo ya tsaya, fitilu su tsaya. A mai da shi baya, su koma. Liman ɗaya ne, sauran duk mamu.

Gogan naku bai san da wannan ba. Ranar Alhamis ya shiga Kasuwar Dole ya sayo fitilun nan masu kama da igiya da ake liƙa wa shagunan aski, kowace da ɗan farin akwati da siririn rimot mai maɓallai kala-kala. Irin wannan rimot da haske yake magana, hasken da ke ƙasa da ja, wanda idon mutum ba ya gani amma kyamarar salula takan nuna shi yana ƙyaftawa. Yana ƙyaftawa ne kusan sau 38,000 a daƙiƙa, a ciki yake aika lambobi biyu, ta farko ta ce da wa ake magana, ta biyu ta ce me za a yi. Sai dai masana'antun kayan araha ba su wahalar da kansu wajen raba lambar farko. Dubban na'urori suna amsa suna ɗaya. Gogan naku ya danna don fada ta kama, sai Birni duka ta kama, har da Zango.

Ya nemo gwangwanayen tumatir ya kifa wa idon kowane akwati, ya bar 'yar kafa, don sai wanda aka auna zai ji. Dabarar ba ta da laifi, farar ƙasar Zinder Sabuwa ce ta kashe ta. Kawu ya shafe zauren fes a makon nan, hasken rimot kuwa yana dukan farin bango ya dawo ta ko'ina.

Wani abokinsa mai karatun kwamfuta ne ya dubi akwatunan ya ce ai suna jin Bluetooth, kuma a can kowane da sunansa daban. Ya haɗa masa 'yar manhaja a salula: a daƙiƙa kaza kunna ganuwa, a daƙiƙa kaza kashe ta ka kunna fada, haka har Zango. Yadda za a tayar da su tare kuwa, babban yatsan dama a kan rimot ɗin tele, na hagu a kan salula, a yi bismilla a danna lokaci guda. Aka gwada bayan lisha a zaure ba kowa, komai ya tafi daidai. Kawu ya cire tabarau ya goge ido. Gwangwanayen tumatir kuwa aka kwashe su saboda sun ɓata wa ganuwa kyau, idanun akwatuna suka koma a buɗe, ba wanda ya sake tunawa da su.

Daren nuni zaure ya cika har ƙofa. Ga limamin unguwa, ga wani attajiri da ya taso takanas daga Zango, ga wani Alhaji mai nauyin kunne wanda ya haddace jerin sarakunan Damagaram kuma bai taɓa barin kuskure ya wuce ta gabansa ba. Yara suka toshe taga. Gogan naku ya laɓe bayan labule da salula, tsakaninsa da katako sahu-sahu na manyan riguna. Bluetooth yana aiki ne a zangon gigahaz 2.4, a fili yakan kai kamar mita 10, amma ruwa yana shanye shi, jikin ɗan Adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne. Akwatin Zango, da yake shi ne mafi nisa, ya ɓace daga salula tun kafin a gama gaisawa.

Aka yi bismilla. Ganuwa ta kama, jama'a suka yi salati. Nan ne Kawu ya tuna bai faɗi komai a bidiyo game da igwoyin da Tanimun ya sa maƙera suka yi masa ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da alli a hannu ba zai ga giɓi a darasi ya yi shiru ba. Ya tsayar da tele, ya gyara murya, ya shiga bayani, daga igwa ya gangara fataucin Sahara, daga nan ya leƙa Barno. Manhajar salula kuwa maɓalli biyu gare ta, na farawa da na kashewa. Na dakatawa ba wanda ya ce a sa. Gogan naku yana kallo fada ta kama ta mutu, masallaci ya kama ya mutu, gidan Barth ya bi sahu, jama'a suna ɗauka ado ne.

Kawu ya saki tele. Muryarsa ta fito da nauyi: "A nan ne Sarki Tanimun ya zauna yana mulki har 1884." Fitila ta kama tar a kan barikin Faransawa.

Sunan Tanimun kaɗai Alhaji ya ji, amma idonsa garau yake. Ya buga sanda a ƙasa.

"Malam, me nake gani? Tanimun a barikin Nasara? Mutumin da ya rasu da shekara 15 kafin a yi yaƙin Tirmini? Amadu Kuran Daga suka tarar a 1899, ko kai ma a littafinsu ka karanta?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, fitila ce ta yi gaba."

Kafin a gama wannan, muryar tele ta iso babban masallaci, sai gari duka ya yi duhu ƙirin, domin a lissafin salula juyin Zango ne. Liman ya yi gyaran murya irin wadda ba tari ba ce. Gogan naku ya leƙo ta labule ya ce a yi haƙuri, na Zango ne ya ƙi kamawa. Attajirin ya gyaɗa kai ya ce bai yi mamaki ba, dama haka mutanen Birni suke yi musu tun kaka da kakanni.

Alhaji ya ce a ƙara murya, in ɓarna za a yi wa tarihi yana so ya ji ta da kunnensa. Kawu ya ɗaga rimot ɗin tele ya danna. Telen irin mai arahar nan ce, kuma lambar da ke ce mata ƙara murya ita ce ke ce wa akwatunan fitila su bi sauti. Kowane akwati da ɗan kunnensa a ciki, an yi shi ne don gidan biki. Daga wannan lokaci duk wanda ya yi magana a zauren, Birni sai ta amsa. Alhaji ya ce subhanallahi, gari ya yi ja. Liman ya ce a yi shiru, ya koma kore. Muryar tele tana ba da labarin kisan Bafaranshe Kyaftin Cazemajou a 1898, fada da bariki suna walƙiya tare shuɗi da ruwan hoda. Yaran taga suka gano abin kafin kowa, suka shiga tafi, ganuwa tana bin tafinsu. Zango ma, da bai ji salula ba, ya ji rimot, ya fi kowa rawa.

"Kai ɗan nan, kashe! Kashe na ce!" Kowace kashe da launinta.

Gogan naku ya rarrafa tsakanin ƙafafun dattawa ya fizge soket, tele da fitilu suka mutu tare, karo na farko da suka yi abu ɗaya a lokaci ɗaya a daren. Aka kira wani jikan Kawu aka ba shi tocila, Kawu ya ƙarasa darasin da baki, yaron yana haska duk inda ya ji an ambata. An yi tsaye-tsaye da yawa, domin Alhaji ya samu gyara a kusan kowane sarki, tocila kuma tana jira.

Ana neman takalma a ƙofa Alhaji ya jawo gogan naku gefe. Gogan ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa.

"Yaro, wannan abin dannawa, ka ce yana yi wa kayan wasu magana?"

"Wani sa'in, Alhaji, in lambarsu ta zo ɗaya."

"Maƙwabcina yana da irin telen nan, ba ya kashe ta sai tsakar dare. Ni da kunnena ma ina jin ta."

"Ai ba ya ratsa bango, Alhaji, balle ginin ƙasa irin na Birni."

"Wa ya ce maka bango? Akwai taga. Nawa za ka sayar?"