Wasiƙa Zuwa Ga Asusun Haɗin Gwiwa

Daga Durba, ƙasar Kibiya, zuwa ga Alhaji Asusun Haɗin Gwiwa na Jiha da Ƙananan Hukumomi, majiɓincin marayu 44, wato ƙananan hukumomin Kano. Ranka ya daɗe:

Mun sani sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ne ya naɗa ka wasiyyi a kan rabon da Tarayya take aiko wa ƙananan hukumomi, kuma ba mu musun cewa amana kaya ce mai nauyi. Sai dai malamanmu da suka karantar da babin hajru a Muhtasar sun ce ana tsare dukiyar maraya ne har ya balaga, sa'an nan a jarraba shi, in an ga rushdinsa a damƙa masa abinsa gaban shaidu. To, manyan marayun nan naka a gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka haife su, sun yi furfura, har yau suna durƙuso a ƙofarka neman kuɗin alli.

Ba mu ce ka ci ba, Allah ya tsare harshenmu. Cewa muka yi idonka ya fi sabawa da birni. Duk ranar da na shiga Kano na bi ta gadar Ƙofar Nasarawa ko ta Dangi, nakan yi mata sallama irin ta dangi, domin ina kyautata zaton akwai buhun sumintinmu a jikinta, ko da yake ban taɓa jin gadar sama ta shayar da kadada ɗaya ba.

Marigayi Gwamna Audu Bako, Allah ya jiƙansa, da ya kai kuɗi Tiga aka kammala madatsa a 1974, ruwan nan ne har gobe yake ciyar da Kadawa da Kura da Bunkure, alhali kuwa tumatirin da yake fitarwa, in kaka ta yi, a gefen hanya ake shanya shi cikin ƙura, wanda bai sami rana ba ya ruɓe, saboda ba ɗakin sanyi, ba na'urar busarwa. Ga kuma samarinmu masu walda a Rano, waɗanda da ƙarfen jibge suke haɗa injin casa, hikimarsu ba ta rasa kome ba sai wuta da ɗan jari, abin da kuɗin fentin gada guda zai wadatar.

Mun ji ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta hukunta a riƙa ba marayu rabonsu hannu da hannu. Muna roƙon, in takardar alƙalai ta iso gare ka, ka taimaka ka karanta ta. In kuwa tabarau ne ya ɓace, mutanen Durba sun yi alkawarin karo-karo su saya maka.

Wassalam.
Wani manomi, Durba.