Ni da Baffa da Tumatir

Mu mutanen Haɗejiya ba mu saba yi wa ruwa ƙwauro ba. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogi kan malale fadama kyauta. Yanzu kuwa kachala ta toshe hanyoyin ruwa, man inji ya yi tashin gwauron zabi. Shi ya sa na kawo ban ruwa na ɗigo gonarmu ta wajen Auyo: tanki a sama, abin tace laka, sai siraran tiyo masu huda duk bayan santimita 30.

Baffa ya tsuguna, ya ƙura wa ɗigon ido. "Kai yaro, jinya tumatirin nan yake yi, har ake masa ƙarin ruwa?"

Na gyara murya. Na ce kowace huda na sauke kamar lita biyu a awa, kai tsaye kan saiwa. Ƙasa mai yashi a ba ta kaɗan-kaɗan kullum, laka kuwa a tsallake kwana. Da sassafe ake buɗewa, a ƙara lokaci idan fure ya fito. Baffa ya ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Abin mamaki, kullum da safe sai in tarar da ƙasa jagwab. Na rage lokaci, jagwab. Na rufe tankin gaba ɗaya, jagwab! Nan na shiga yi wa maƙwabta lacca, cewa ilimi ya kai inda tiyo ke shayar da gona ko babu ruwa a cikinsa.

Sai 'ya'yan tumatirin suka fara tsagewa, gindin wasu ya yi baƙi. Malamin gona ya duba ya ce, "Ƙishi ne yau, ƙoshi gobe. Haka ke fasa fata, ya hana kalsiyam isa cikin ɗan tumatir. Wa ke yi maka ambaliya?"

Daren nan na kwana a gona da gora. Can tsakar dare na ji ana jan igiyar inji. Na haska tocila ina ihun ɓarawo, sai ga Baffa, wando a naɗe, fartanya a hannu, yana fasa bakin kwami.

"Baffa, lafiya?"

"Alhakin tsiro ba zai hau kaina ba. Kashe fitilar nan."

A bayansa ga ƙanena riƙe da ƙusa. "Yaya, na ga hudojin sun yi ƙanana ne, na ɗan taimaka musu."

Da gari ya waye aka yi sulhu. Na sayi sabon tiyo, na damƙa wa Baffa makullin tanki: ya buɗe bayan sallar asuba, ya rufe kafin hantsi. Da ya ga jarkar mai ta daina saurin ƙarewa, ko buta ba ya bari a zubar a gonar.

Jiya na wuce ta majalisarsu, na ji yana cewa, "Yaran zamani sai haƙuri. Da ruwa ya so ya kashe tumatirin nan, ni na koya masa ɗigo."