A Naɗa Wa Raminmu Rawani Kawai

Ranar Talatar nan aka miƙo mini katin ɗaurin aure mai ruwan gwal, bugu mai kyau. Da na kai ido wurin adireshi sai na ga an rubuta: "Masallacin Layin Mai Unguwa, daura da Babban Rami." Ba lambar gida, ba sunan titi. Abin haushin, kwatancen ya yi daidai. Ka tsayar da ɗan Adaidaita ka ce masa Babban Rami, ba zai tambaye ka wanne ba, sai dai ya ƙara maka kuɗi.

Ramin nan ya girmi amaryar a sanin gari. Tun ana acaɓa a Kano yake, yana ɗan tsagi a gefen kwalta. Aka hana acaɓa a 2013, shi ba wanda ya hana shi. Yana kwance aka yi gadar sama a Ƙofar Nassarawa, aka yi ta Dangi, aka yi ta Hotoro. Mutum ya bi ta sama iska na kaɗa shi, ya sauko unguwa ya zuba ƙafar mota a ciki. Saboda haka nake ba da shawara a daina ɓata lokaci, a naɗa masa rawani. Dattijo ne, yana da zuri'a, don 'ya'yansa da jikokinsa sun jeru har bakin masallaci, kuma yana ciyar da jama'a fiye da wasu masu riƙe da muƙami.

Mai faci a gabansa ya kafa rumfa. Makanike na gefe. Amma babban bafadensa shi ne Ɗan Shebur. Kowace safiya yana tsaye da shebur cike da ƙasa, ba ya zubawa sai ya hango mota mai baƙin gilashi. Nan zai ɗaga shi sama, ya karkata shi kaɗan: "Alhaji, a taimaki masu aikin Allah! Allah ya tsare hanya, ranka ya daɗe!" Alhaji ya cillo ɗari biyu ya wuce, ƙasa ta koma kan tsibinta. Na rantse ƙasar nan ɗaya ce tun farkon aikin, har ta yi sheƙi don shan hannu. Da ita ya yi lefe, da ita ya yi suna, yanzu har yaro ya ɗauka yana koya masa riƙon shebur. Ran da aka yi raɗe-raɗin za a gyara titin, mutane har gida suka bi shi suna yi masa jaje.

An kuwa taɓa yunƙurin gyaran, gab da zaɓe. Tifa ta juye jar ƙasa, aka kafa allon kwangila, aka ɗauki hoto. Kafin mako ya zagayo ƙasar ta bi dare. Gidan da ka leƙa sai ka tarar an yi sabon yaɓe ko an cike tsakar gida. Allon kuwa yana nan lafiya, shi ne ke tare wa mai shayi iska.

To wa za mu zaga? Da hadari ya haɗo za ka ji uwar gida tana cewa, "Kai Abba, maza kwashi sharar nan ka zuba a kwata, ruwa ya tafi da ita." Ya tafi da ita ina, Hajiya? Ƙofar maƙwabcinki ce ƙarshen tafiyar. Wani ya toshe magudana da siminti don motarsa ta hau gareji ba gargada. Wani ya fasa kwalta ya ratsa bututun rijiyar burtsatsensa, ya mayar da ƙasa ya tattake da ƙafa. Masu biki sun huda ta da ƙarfe sun kafa rumfa. Sannan watan Agusta ya zo, ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a kan titi ya ci gindin katangar wanda ba shi da kuɗin bulo. A wannan titin ake ɗauko mai naƙuda da tsakar dare a bayan Adaidaita, a bi da ita rami bayan rami. Wannan ba ya ba ni dariya ko kaɗan.

Kwamiti dai mun kafa, kada a ce ba mu yi komai ba. Zaman farko bayan sallar isha'i ya ƙare a kan wa zai riƙe kuɗi, don Malam Liman ya ce shi a cire shi, mutuncinsa yake so. Zama na biyu aka raba gari a kan takardar koke: da Hausa za a rubuta ko da Turanci? Wani tsohon ma'aikaci ya ce Turanci ya fi kwarjini a ofis, Baba Mai Goro ya ce shi ba ya dangwala yatsa a kan abin da bai ji ba. Kuɗin da aka tara kuwa sun tafi a lemo da ruwan leda, ledojin kuma kun san inda suka kwana. Yanzu an sa Asabar mai zuwa don a tsayar da kalar shaddar da za a ɗinka ta zuwa gaban kansila. Masu fara sun fi yawa, amma sakatare ya dage a kan ruwan toka, wai ta fi ɓoye taɓo.