Majiya Mai Tushe Ta Ƙona Mini Ƙwai

Ranar Talata da daddare mai shayin unguwarmu ya ƙona mini ƙwai uku. Uku, a wannan tsadar. Ya fasa su a kasko ke nan sai wani ya tayar da zancen wanda zai zama gwarzon jarumi a bikin karrama 'yan fim na bana. Nan take mai shayi ya juya wa kasko ƙeya, ya ɗaga cokali sama, yana rantsuwa cewa Ali Nuhu ne. Hujjarsa? Tun Janairun 2024 aka ba shi shugabancin Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, kuma "wa ya isa ya kayar da gwamnati?" Kafin ya sauke cokalin ƙwaina ya koma tafin silifa. Da na yi ƙorafi sai ya ce, "Yallaɓai, ai ya fi daɗi in ya ji wuta."

Mutum tara ne a kan bencin nan. Ka tare kowannensu da rana tsaka, zai ce maka shi ba ya kallon fim ɗin Hausa. "Iyali ke kallo, ni wucewa kawai nake yi in hanga." Wucewa! Mutum ya wuce ta gaban talabijin har ya haddace Labarina zango-zango, ya san lokacin da Aminu Saira ya sauya jaruma, ya san wanda ya ci amanar wa a Kwana Casa'in. Wannan wucewa ta fi tafiyar Kontagora zuwa Tegina cin lokaci, kuma kun san halin hanyar.

Na tambaya, wai wane biki ake magana a kai? Ɗaya ya ce na Legas, AMVCA. Ɗaya ya ce a'a, wanda MTN ke ɗaukar nauyi. Wani dattijo ya ce Oska. Ba su daidaita a kan sunan bikin ba, amma kowa ya riga ya san wanda zai ci.

Sai mai gyaran babur ya gyara zama, ya ce duk surutu muke yi, shi yana da majiya mai tushe. Ga tushen: surukinsa direba ne mai lodin Kano. Ya taɓa ɗauko wani fasinja, ƙanin fasinjan yana sayar da ruwan leda a Zoo Road, shi kuma da idonsa ya ga wani babban jarumi ya fito daga shagon tela rungume da sabuwar shadda. To, in ji shi, wa zai ɗinka sabuwar shadda ba salla ba biki, in ba an tsegunta masa ba?

Maimakon a yi masa dariya, sai aka shiga bincike. Yadi nawa? Domin in yadi goma ne, babbar riga ke nan, gwarzon jarumi. In biyar ne, mataimaki. Wace kala? Fara ta godiya ce, ruwan toka ta mai shakka. An yi aiki a wuya? Aikin hannu ko na keke? A baƙar leda ya saka ta ko a fili ya riƙo? In a leda ne, an ce masa ya rufa asiri sai ranar. Wani ya kawo shawarar a kira direban a waya, aka ce yana tsakanin Zariya da Funtuwa, babu sabis. Wani ya ce to a nemo lambar telan, tunda tela ba ya ƙarya. Tela! A nan ne na tabbatar majalisar ta rabu da hankalinta.

Waɗannan fa su ne suka raba Oska tun kafin a yi ta. A 2024, da Najeriya ta tura Mai Martaba, fim ɗin Hausa da Adam A. Zango ya fito a ciki, har gardama aka yi a bencin nan kan ko ya halatta ya ajiye ɗan mutum-mutumin a falo. Fim ɗin bai shiga jerin fina-finai sha biyar da aka tace ba. Aka ce magudi. A 2019 da aka cire Lionheart na Genevieve Nnaji saboda Turanci ya yi masa yawa, nan ma magudi, ko da yake ni har yau ina jin daɗin labarin: Turawa sun kore mu don mun cika Turanci. Amma da Maryam Booth ta ci kyautar AMAA a 2020 da The Milkmaid, babu wanda ya hango, don babu wanda ya kalla. Washegari kuwa kowa ya ce, "Ban faɗa muku ba?"

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a cikin alƙalan nan tara babu wanda ya taɓa biyan kuɗin fim ta hanyar da sisi zai kai hannun mai shi. Wurin mai turi ake zuwa, a cika waya da gumin mutane a kan kuɗin da bai sayi ƙwai ɗaya ba. Furodusa ya ci bashi, mai haske ya kwana a lokeshan, kai ka kwashe a ɓagas, sannan ka zo kana kumfar baki wai an zalunci jaruminka. Wa ya fara zaluntarsa?

Kuma ma ina za su ga bikin? Jiharmu ce ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, ga Jebba a bakin iyaka, amma wayata kwananta biyu tana layi a shagon mai caji. Muna aika wa ƙasa haske, muna laluben ashana. Jiya har cewa na yi yaro ya duba ko wayar falwaya ce ta tsinke, ya dawo ya ce an shanya zannuwa a kanta. Ranar bikin ma haka za a yi: duhu, sauro, sai da safe a ga sakamako a Facebook, a ce an yi magudi.

Kai kuma mai shayi, ko Ali Nuhu ya ci ko bai ci ba, ina bin ka ƙwai uku. Gobe bayan isha'i zan zo, ka ƙara da albasa.