Gimbiya ba ta taka ƙasa

Ford Mustang mota ce mai gudu da Amurka ke ƙerawa tun 1964. Amma ranar da za a ja ta zuwa Kano daga Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ba ta taka kwalta ko taku ɗaya.

Dalili? Da tayoyin baya take tafiya. Ka ɗaga gabanta da janwe ka bar baya a ƙasa, farfela za ta yi ta juya giya alhali inji na barci. In mai canja giya da kanta ce, famfon man giya ma barcin yake. Kafin Ilori, giya ta soyu.

Ga mafita biyu. Bakanike ya kwance farfela, ko a ɗora ta ɗungurungum a bayan babbar mota. Gimbiya dai sai ɗorawa, ɗorawar ma sai da lallashi, kamar amarya a ƙofar ɗaki. Cikinta na gogar ƙasa, dole a shimfiɗa mata katako. A ɗaure tayoyi huɗu tamau, duk zango a duba ɗaurin.

Mai ita kuwa yana biye a baya cikin tsohuwar Golf, yana roƙon direba ya rage gudu.