Farin Ƙwai ko Jan Ƙwai: Hirar Fitilar Mota a Bakin Layi

Mu dai a Kano, in mutum ya sayi mota, ko da ta hannu ce wadda ta sha tafiya a Turai kafin ta iso mu, ba ya jin ta zama tasa sai ya taɓa mata abu biyu zuwa uku. A ɗinka wa kujeru riga, a sa wa sitiyari tasa, sannan a wuce Ƙofar Ruwa a canja ƙwan fitila. Ƙwan da ta zo da shi lafiyarsa ƙalau. Laifinsa ɗaya, haskensa ja-ja ne, mu kuwa yanzu fari muke so, fari tas mai ratsin shuɗi, irin wanda in ka shigo layi da dare kowa sai ya ɗago kai. Yaron shago zai jero maka kwalaye a kan kanta, wannan an rubuta 4300K, wannan 6000K, wancan 8000K, ya ce, "Alhaji, wanne za a ba ka?" Galibinmu hannu kan babbar lamba yake sauka, don mun ɗauka ita ce ta fi haske. Ai janareta ma haka muke sayensa, kuma a can lissafin daidai ne. A nan ne bai zauna ba.

Kwanan baya maganar ta taso a majalisarmu bayan sallar isha'i. Wani matashi ɗan layinmu ya shigo da motarsa da sabon ƙwai, hasken ya daki bencin da muke zaune, kowa ya kare fuska da hannu. Da ya fito ya gaida mutane, Baba direba, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas kafin ya ajiye, ya ce masa, "Ɗan nan, zo zauna. Wannan wutar da ka sa, hanya take haska maka ko idon mutane?"

Yaron ya durƙusa yana murmushi. "Baba, ai dubu takwas ce. Ita ce ƙarshe a kasuwa."

Malamin da ke koyar da kimiyya a sakandare, wanda gidansa ke kallon masallaci, shi ya karɓi zancen. Ya ce wannan K ɗin da ke jikin kwali ba ta da alaƙa da yawan haske, launinsa kawai take faɗa. Sunan wani masani ne na Birtaniya, Lord Kelvin, wanda ya yi koyarwa a jami'ar Gilasgo, aka sa wa ma'aunin zafi. Ya ce mu tuna ƙarfe a wutar maƙeri: da farko ja yake yi, in aka ci gaba da zuga ya koma ruwan ɗorawa, in zafi ya ƙaru ya doshi fari. To lambar tana nufin zafin da abu zai kai kafin ya ba da wannan launin. Harshen kyandir bai kai 2000K ba. Ƙwan halojin da yawancin motocinmu suka zo da shi yana wajen 3200K. Hasken rana tsaka yana wajen 5500K. Daga 6000K shuɗi ya fara shigowa, a 8000K ya bayyana sosai, in aka haura 10000K har ya fara komawa ruwan malmo. Shi ƙwan kansa ba ya kai wannan zafin, kwatancen launi ne kurum.

Mai wayarin ɗin unguwarmu, wanda duk wanda fitilarsa ta mutu a layin nan wurinsa yake zuwa, ya ce ai shi ya gaji da faɗa. Yawan haske da lumen ake auna shi. Ƙwan H7 na halojin mai wat 55 yana ba da lumen wajen 1500. Na H4, mai zare biyu a ciki, ɗaya na dim ɗaya na ful, yana ba da wajen 1000 a dim, 1650 a ful. Ƙwan zenon na asali, wanda kamfani ke sa wa manyan motoci tun da BMW ta fara a 1991, wat 35 kawai yake ci amma yana ba da lumen wajen 3200, kuma launinsa bai wuce 4300K ba. "Masu ƙera motar ba su san dubu takwas ba ne?" in ji shi. "Sun sani. A zenon, duk yadda ka ƙara shuɗi, haske raguwa yake yi." Ya ƙara da cewa mafi ban haushi shi ne halojin ɗin da aka shafa wa gilashinsa shuɗin fenti. Zaren ciki irin na kowa ne, fentin tare wani ɓangare na hasken yake yi don abin da ya rage ya yi kama da fari. Ka biya kuɗi fiye da na ƙwan da ka cire, ka koma gida da haske ƙasa da wanda ka zo da shi.

Ni a nan nake ganin ya kamata mu tsaya mu duba inda muke tuƙi. Kwalayen nan ba don hanyar Wudil ko ta Katsina aka buga hotunan jikinsu ba. Mu daga Nuwamba har wajen Maris cikin hazo muke, ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ga ƙurar gefen titi da tirela ke tayarwa, ga hayaƙin bola, ga ruwan Agusta da ke mayar da kwalta baƙa wuluk. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya da asubahin Janairu ya san yadda haske ke dukan hazo ya dawo maka fuska, ka ga fari fat a gabanka amma ba ka ga hanya ba.

Baba ya ce su a zamaninsu ba su san wani abu wai shi K ba, amma sun san tsofaffin Fijo da ake shigowa da su daga Faransa da fitila ruwan ɗorawa suke zuwa, kuma in ka haɗu da su da dare idonka ba ya ciwo. Malam ya ce wannan doka ce a can: tun daga 1937 Faransa ta wajabta wa sababbin motoci fitila ruwan ɗorawa, ba a sassauta ba sai 1993. Amma ya gyara mana wani abu da muke yawan faɗa, wai jan haske huda hazo yake yi. Ƙwayar ƙura da ɗigon raɓa ba sa zaɓen launi sosai, kowane haske suna watsa shi. Bambancin a idon mutum yake. Shuɗin haske ya fi takura wa ido, ya fi sa mutum ƙifce-ƙifce da runtsawa, don haka in ya dawo maka daga hazo, ko ya zo maka daga motar da ke fuskantarka, wahalarsa ta fi ta mai ɗumi-ɗumin launi. Ga wanda shekaru suka ja, ko mai yanar ido, abin ya ninka, don idon nasa kansa yana tarwatsa hasken a ciki, kuma yana daɗewa kafin ya dawo daidai bayan motar ta wuce. A wannan 'yar daƙiƙar da bai gani ba, motarsa ba ta tsaya ba. A kilomita 80 a awa, mota tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. A gefen titin nan kuwa akwai mai tura kurar ruwa, akwai mai keke ba fitila, akwai yara masu tsallakawa.

Yaron bai yi shiru ba, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Ya ce, "To Malam, ai sababbin motocin da ake kawowa yanzu duk farar wuta gare su daga kamfani. Kuma ni da farin na fi ganin allon hanya da zanen titi." Haka ne. Fitilar LED ta asali fara ce, sau da yawa tana kusa da 6000K, don ita daga tushe shuɗin haske take yi, a lulluɓe ta da wani sinadari ruwan ɗorawa ya koma fari. Kuma farin haske yana fito da allo mai ƙyalli tar. Sai dai mai wayarin ya tashi ya ce a buɗe bonet. Ya haska wayarsa cikin gidan fitilar ya nuna mana madubin da ke bayan ƙwan, mai ɓangare-ɓangare. Ya ce kowane ɓangare an daidaita shi ne da wuri ɗaya tak, inda siririn zaren halojin ke zaune. A ƙwan H4 har wani ɗan ƙaramin cokali na ƙarfe aka sa ƙarƙashin zaren dim don ya hana haske tashi sama. In ka cire wannan ka cusa ƙwan LED na kasuwa wanda 'yan ƙwayoyinsa suka fi zaren faɗi ko suka goce daga wurin ko da kaɗan ne, madubin sai ya riƙa watsa hasken ko'ina: saman bishiya, tagar mutane, idon mai zuwa. Mai motar yana ganin gabansa fari ƙal kusa-kusa sai ya ɗauka ya samu haske, alhali can nesa inda yake bukata duhu ne. Motar da kamfani ya yi wa LED ko zenon, gidan fitilarta don su aka ƙera shi.

Sai ya juya motar ta fuskanci katangar wani gida, aka kunna dim. Fitila mai lafiya za ka ga hasken ya yanke a miƙe a jikin bango, sama duhu, ƙasa haske, ɓangaren dama ya ɗan ɗaga don ya haska gefen hanya. Ta yaron nan ba ta da layi ko kaɗan, har indararo ta haska.

In da a ce za a tambaye ni, mai motar halojin ya zauna a kan halojin mai kyau wanda ba a shafa masa fenti ba, a kan wat ɗin da kamfani ya rubuta. Waɗanda ke sa mai wat 100 a gidan 60 sun san yadda soket ke narkewa. Mai zenon ya sayi 4300K, in ya matsu da son fari ya tsaya a 5000K. Ƙananan fitilun ƙasa na hazo kuwa, 3000K ruwan ɗorawa ita ce ta dace da hunturunmu. Abin da ya haura 6000K ado ne, kuma adon da maƙwabci ke biya da idonsa. Wani abin ma ba a ƙwan yake ba sam. Da yawa daga motocinmu murfin fitilarsu roba ce, rana ta gasa ta ta yi dishi-dishi. Ko wane ƙwai ka sa a bayanta haske ba zai fita da kyau ba sai an goge ta. Kuma in za ka sa halojin kada ka kama gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana sa ya mutu da wuri.

'Yan adaidaita sahu da masu babur su ma sun shigo sahu, kowa ya ɗaura ƙarin fitila fara a goshi, ba dim ba ful, tana kallon sama. Ban ga laifin mai neman ganin rami a gabansa ba, hanyoyin unguwa sai a hankali. Amma a sunkuyar da ita ƙasa, kusoshi biyu ne kawai. Haka mu masu cika but da buhunan hatsi in mun dawo daga ƙauye: baya ya zauna, gaba ya ɗaga, dim ɗinka ta koma ful a idon mai zuwa. Motocin Turai da yawa suna da wani ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, an rubuta 0, 1, 2, 3. Don wannan aka yi shi, amma a majalisar nan mutum biyu sai daren suka san aikinsa.

Yaron ya ce to yanzu yaya zai yi, ga shi ya riga ya kashe kuɗi. Mai wayarin ya tambaye shi ko ya yar da tsofaffin ƙwayayen, ya ce suna cikin mota. "To ƙanena, gobe bayan magariba ka zo da su gareji. Za mu mayar, mu ja motar baya mita goma daga bango a wuri mai daidai, mu auna tsayin fitila daga ƙasa mu yi alama da alli. Layin dim ya sauka wajen santimita goma ƙasa da alamar. Ka duba jikin gidan fitilar, za ka ga an rubuta 1% ko 1.2%, shi ke nan ma'anarsa. Ka cika tayoyinka iska kafin ka zo, kuma ka sauke duk abin da ke cikin but."